Daga Kalala zuwa Yamai: neman piza ta ƙwarai

Wanda ya ce zai yi muku zancen piza daga Bilma, ba laifi in kun tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. Garin yana can cikin Kawar, a ƙarƙashin dogon dutsen da ke tare masa iskar gabas, kilomita kusan 600 daga Agadas, kuma tsakaninsu babu kome sai rairayin Tenere da zangon Fashi. Arzikinsa dabino ne da gishiri. Hatsin da Barebari da Tubawan garin ke ci, tun kaka da kakanni bisa raƙumi yake zo musu, yanzu kuma har da kamiyo. Ban ga gidan piza ko ɗaya a can ba, ban kuma je nema ba. Amma a can ne aka yi mini tambayar da ta jawo wannan rubutu.

Wani matashin malamin lakwal ne, haifaffen Yamai, da aiki ya kai shi Kawar. Muna shan shayi bayan isha'i, ya ce mini: "Yaya, kai da ke yawon gari, in na sauka hutu ina zan ci piza ta gaske? Wallahi har mafarkinta nake yi." Na yi dariya, na fara lissafa masa sunayen gidaje. Can sai na yi shiru, don na tuna sau nawa aka cuce ni a gidajen da ke da babban suna.

Yamai ba ta rasa masu sayar da piza ba. Daga Plato zuwa kewayen Babbar Kasuwa, otel-otel da gidajen burodi da ƙananan shaguna duka sun sa ta cikin takardar abincinsu. Sai dai suna daban, abu daban. Akwai daren da na kai baƙi wani gida mai fitilu da sanyi, muka jira kusan awa guda, aka kawo mana wani faifai mai tauri kamar ƙirgi, an malala masa tumatur na gwangwani, cukunsa yana jan zare kamar roba. An fiddo shi daga firigo ne aka ɗumama. Jikkunan da na biya a daren nan sun isa cefanen gidana na kwana uku, kunyar baƙi kuwa ba ta da farashi.

Abin da ya kamata a sani shi ne, piza a asalinta ba abincin manya ba ce. A birnin Napoli na ƙasar Italiya ta samo asali, abincin ƴan dako da masunta ne, masu neman abin da za su ci a tsaye da kuɗi kaɗan. Labarin da ya shahara yana cewa a 1889 wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi wa sarauniya Margherita wata piza da tumatur da cukun mozarela da ganyen ɗoɗɗoya, ja da fari da kore kamar tutar ƙasarsu, sunan sarauniyar ya bi ta har yau. A 1984 masu sana'ar suka kafa ƙungiya a Napoli domin kare yadda ake yin ta, a 2017 kuma hukumar UNESCO ta sa gwanintar mai gashin piza na Napoli cikin gādon al'adun duniya. Ƙa'idarsu gajera ce. Kwaɓin ba ya wuce garin alkama da ruwa da gishiri da yis, a bar shi ya tashi awoyi da dama, a buɗe shi da hannu, a jefa shi cikin tanderun itace mai zafin da ya haura digiri 400, a fiddo shi cikin minti ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. Duk wannan na karanta shi tun da daɗewa. Fahimtarsa kuwa sai a Kalala.

Kalala ita ce ma'adinar gishirin Bilma, ƴar tafiya kaɗan daga gari. Ramuka ne cike da ruwa, wani ja, wani ruwan ɗorawa, rana tana ƙafar da shi gishiri yana kwanta. A gefensu ayarin Abzinawa ke sauka bayan kaka, su kawo hatsi su ɗauki gishiri da dabino. Washegarin hirarmu da malamin, da magariba, na zauna wurin wani dattijo daga cikin ƴan ayari yana shirya musu tagella. Ya zuba garin alkama a ƙwarya, ya sa ruwa daga salka da ɗan gishiri, ya yi ta murza kwaɓin da tafin hannu har ya yi santsi. Wutar da ya hura tun ɗazu ta zama garwashi. Ya ture garwashin gefe da sanda, ya shimfiɗa kwaɓin mai faɗi kamar faifai bisa rairayin da ya yi zafi, ya rufe shi da toka da garwashi. Bayan wani lokaci ya tone, ya juya, ya sake rufewa. Ba agogo a hannunsa. Na ce: "Baba, yaya kake sanin ta nuna?" Ya ƙwanƙwasa bayanta da sanda, ya ce in saurara. Sai ya fiddo ta, ya kakkaɓe, ya kankare da wuƙa, ya gutsuttsura cikin miyar kauɗa da albasa, ya zuba man shanu. Ko ƙwayar rairayi ɗaya ban tauna ba.

Ba ina cewa tagella piza ce ba. Ita ba ta da yis, kuma cikin miya ake cin ta. Amma gari ne da ruwa da gishiri da wuta, sai hannun da ya san aikinsa, kuma ba ta jiran kowa, da zafinta ake ci. Da na koma wurin malamin, sai na ce masa ya manta da sunayen da na ba shi jiya, ga abin da zai duba a kowane gida ya shiga, a Yamai ne ko Abijan ko Paris.

Ya fara neman tanderu da idonsa. Gidan da ke alfahari da pizarsa ba ya ɓoye wutarsa; za ka ga itace a jibge, ka ga mai gashi da gari a hannu yana buɗe kwaɓi a gabanka. In an ce maka tanderun yana ciki ba a shiga, sha lemonka ka tashi. Sa'an nan ya dubi takardar abinci: gidan da ke da piza iri talatin, ga shinkafa ga shawarma ga kifi, da wuya ya iya ɗaya daga cikinsu. Ya nemi Margherita, wadda ba ta da nama ko wani tarkacen da za a ɓoye aibi a ƙarƙashinsa. In ta zo, ya ɗaga gefenta ya leƙa ƙasa. Ta ƙwarai tana da ɗigo-ɗigon ƙuna kamar jikin damisa, bakinta ya kumbura, tana lanƙwasuwa ba ta karyewa. Kuma kada ya yarda a sa masa ita cikin kwali ya hau babur da ita zuwa wata unguwa, don kafin ya isa tururi ya kashe ta.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. A Agadas, zamanin da masu yawon buɗe ido da ƴan tseren Paris-Dakar ke cika gari, wani Ba'italiye ya buɗe gidan abinci mai suna Le Pilier, ginin ƙasa irin na gari, sunansa ya kai har Yamai. Tawayen 1990 zuwa 1995, da na 2007, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, suka kori waɗannan baƙi daga arewa. Amma kayan da ake buƙata ba su bi su ba. Lambunan Abzin, irin na Timiya da Tabelot, suna ba da alkama da tumatur da albasa. Matan makiyaya suna yin cuku. Kalala kuwa, bayan kantu, wato dogon curin gishirin da ake kai wa dabbobi har ƙasar Hausa, tana fitar da beza, farin gishiri tsantsa na miya. A Turai mai gidan abinci yakan rubuta sunan ƙauyen da gishirinsa ya fito, ya ƙara kuɗi a kai. Mu kuwa a gidajen da na shiga a Yamai, gari na waje ne, tumatur na gwangwani, gishiri na leda. Ban taɓa ganin an rubuta sunan Bilma a takardar abinci ba, alhali mutanen da ke tsaye cikin ruwan gishiri tun asuba, ƙafafunsu duk tsaga, su ne suka fi kowa bukatar sabuwar kasuwa.

Ranar da zan tashi, malamin ya rako ni tasha da ƙullin beza a hannunsa, kamar mudu guda. Ya ce: "Yaya, in ka sami gidan da ya cika sharuɗɗanka, ba mai gashin wannan ya gwada, ka ce masa ina nan tafe da hutu." Ƙullin yana cikin jakata. Gida biyu na shiga tun dawowata, ban kwance shi ba tukuna.