Tebur da Tukuba a Daren Kazaure

Abin da ake kira mashaya a wasu ƙasashe, wato wurin da mutanen unguwa kan taru da dare su ci, su sha, su yi hira, ba shi da gurbi a sarari a Kazaure, domin tun shekarar 2000 Jihar Jigawa take bin shari'ar Musulunci wadda ta haramta giya. Amma tun kafin nan ma, teburin mai shayi da tukuba, wato tudun da ake kafa tsinken tsire kewaye da garwashi, su ne ke tara jama'a bayan sallar isha'i.

A bakin titin da ya taso daga Kano ya nufi Daura, direba da ɗalibin Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da manomin da ya shigo daga Roni ko Gwiwa sukan zauna a benci ɗaya, mai shayi yana ɗaga kofi sama yana tsiyayo shayin cikin wani kofin har ya yi kumfa, ƙamshin ƙuli-ƙuli da yaji kuwa yana tasowa daga wajen mahauci. A nan ake jin farashin gero da labarin iyakar Nijar daga bakin mutanen Babura.

Dattawa da yawa har yanzu suna ganin cin abinci a titi bai dace da magidanci ba, kuma wannan kunya abar girmamawa ce, ko da yake baƙon da dare ya riske shi ba shi da wani zauren da ya wuce wannan benci. Mata kuwa ba kasafai suke zama ba, sai dai su aiki yaro ya sayo musu tsire a ƙunshe cikin takarda.