Sallama a Kurmi, Sallama a Shoprite

Dattijon da ya tsufa a Zaitawa, cikin birnin Kano, ba ya buƙatar a fassara masa kalmar sallama. A Kasuwar Kurmi, yaro kan yi shekaru yana tsare wa ubangidansa shago, in lokaci ya yi a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Babu takarda. Abin da ke kare haƙƙin yaron shi ne idon jama'a: ubangidan a masallacin unguwa yake salla, kuma ya san abin da za a faɗa in ya kori yaro hannu rabbana. Tsarin bai rasa zalunci ba, domin akwai waɗanda suka yi bauta suka tashi a tutar babu, amma ko ba komai an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Ɗan unguwar da ya sami aiki a Shoprite, bayan an buɗe reshensa a rukunin shagunan Ado Bayero a 2014, ya sami abin da Kurmi ba ta bayarwa: takardar ɗaukar aiki da albashin ƙarshen wata. Sai dai ubangidan yana Afirka ta Kudu, kuma babu dattijon da zai iya tare shi a bakin masallaci.

A watan Agusta na 2020 kamfanin ya sanar da shirin sayar da harkarsa ta Najeriya, a 2021 kuma kamfanin Ketron na 'yan kasuwar gida ya saye ta. Kafin a kammala cinikin, ma'aikata a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta ma'aikatan kantuna, NUSDE, sun rufe rassa a birane da dama, suna neman a biya su haƙƙin shekarun da suka yi kafin a miƙa su ga sabon mai gida. Sallama suke nema, da harshen ƙwadago.

A nan ne doka ke da giɓi. Sashe na 10 na Dokar Ƙwadago ya ce ba a mayar da kwantiragin ma'aikaci hannun wani mai aiki sai da yardarsa. To amma abin da aka sayar hannun jari ne. Kamfanin da ya ɗauke su, Retail Supermarkets Nigeria, yana nan da sunansa, don haka a kan takarda ba a mayar da kowa ko'ina ba, alhali masu yanke hukunci sun sauya. Sanarwar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1977 kan kamfanonin ƙasa da ƙasa ta nemi a sanar da wakilan ma'aikata da wuri in irin wannan sauyi zai shafi ayyukansu, amma shawara ce, ba kotun da ke tilasta ta. Abin da ya rage wa mai karɓar kuɗi a kanta shi ne sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ba shi ikon shiga ƙungiya. Ƙungiyar ita ce idon jama'ar da unguwa ba za ta iya ba shi ba.

A watan Janairu na 2024 sababbin masu kamfanin suka rufe reshen Kano, suna kuka da yanayin kasuwanci. Kanawa da dama sun yi jimamin burodin kantin da sanyin na'urarsa. Maganar ma'aikatansa ba ta sami irin wannan kunne ba.