Tsaka Mai Rumbu a Wutsiya

Kowa ya san tsakar da ke bin bangon ɗakunan kwananmu tana farautar ƙwari a gindin fitila. To, tana da wata 'yar'uwa a ƙasashen Afganistan, Pakistan, Iran da arewa maso yammacin Indiya. Ana kiranta tsaka mai zanen damisa, domin jikinta rawaya ne da ɗigo-ɗigon baƙi. Wani masani ɗan Ingila, Edward Blyth, shi ya fara bayaninta a rubuce cikin 1854. Ni dai tun da na karanta labarinta nake ganin akwai abin da mu 'yan makarantar kwana za mu koya a wurinta.

Tsawonta yakan kai inci 8 zuwa 10. Tana ƙifta ido, abin da tsakar gida ba ta iyawa. Ba ta iya hawa bango mai santsi, domin farata gare ta, ba tafin ƙafa mai mannewa ba. Ba ta da dafi. Da rana takan ɓuya ƙarƙashin duwatsu, sai magariba ta yi ta fito neman gyare da gizo-gizo, har da kunama.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wutsiyarta. Ƙasarsu busasshiya ce mai duwatsu, ga tsananin sanyi lokacin hunturu. Saboda haka in abinci ya wadata sai ta tara kitse a wutsiya har ta yi kauri. In sanyi ya shigo ƙwari suka ɓace, sai ta shige rami ta kwanta, tana rayuwa da wannan ajiya. Watau rumbunta a jikinta yake. Ko fatar da ta saɓa ba ta barinta a banza, cinye abarta take yi. A nan Afirka ta Yamma ma, daga Senegal har Kamaru, akwai wata danginta mai irin wannan wutsiya.

Mu fa? Ranar komowa hutu akwatin kowa cike yake da garin kwaki, sukari, ƙuliƙuli da yaji. Kafin mako uku wasu sun yi kaca-kaca da shi. Da idona na ga abokina ya sayar da bokitinsa ana saura mako biyu jarrabawa, don yunwa ta hana shi karatun dare. Alhali kuwa mahaifinsa akuya ya sayar ya yi masa guzurin nan.

Duk da haka tsakar nan ba marowaciya ba ce ga ranta. In maciji ko tsuntsu ya cafke ta, sai ta yar da wutsiyar. Wutsiya na ta mutsu-mutsu a ƙasa, maƙiyi ya shagala, ita kuwa ta tsere. Daga baya wata ta tsiro, ko da yake gajera ce, kuma guringuntsi ne a ciki maimakon ƙashi. Ta san in da rai da rabo.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, mu riƙa raba guzurinmu mako-mako, mu kuma san ranar da ya kamata a buɗe shi a taimaki wanda ya rasa. Iyayenmu sun yi nasu ƙoƙarin. Saura namu.