Man da Ba Ya Tsoron Wuta

Mu 'yan ajin kimiyya mun san cewa inji ba ya aiki sai da mai. Idan ƙarfe ya gogi ƙarfe babu mai a tsakani, sai zafi ya tashi, injin ya cije. To, amma man da ake tacewa daga ɗanyen man fetur yana da iyakarsa. A tashar lantarki mai aiki da tururi, zafin bututu yakan haura digiri 500. Idan irin wannan mai ya tsiyaya a kai, sai gobara.

Wannan ne ya sa masana suka haɗa wani mai dabam. Sun ɗauki fosfet suka ɗaura masa zobba uku na kabon, irin masu kusurwa shida ɗin nan da muke zanawa a allo. Zobban ba sa saurin wargajewa cikin zafi, kuma man ba ya saurin kama wuta, shi ya sa ake aiki da shi wajen buɗewa da rufe hanyoyin tururi. Har ila yau, inda ƙarfe biyu suka matsu, yakan yi musu wata siririyar riga mai hana su cinyewa. Don haka ake zuba kaɗan daga wani irinsa mai suna TCP a man injin jirgin sama.

Sai dai abin da ya amfani ƙarfe guba ne ga mutum. A 1930 a Amurka, an zuba TCP cikin wani ruwan citta da ake sayarwa a matsayin magani, ƙafafun dubban mutane suka shanye. A 1959 a Maroko, wasu 'yan kasuwa suka gauraya man girki da man injin jirgin sama, kimanin mutum 10,000 suka kamu, musamman a birnin Meknes. Masana sun gano cewa wani nau'insa da ake kira oto shi ne ke lalata jijiyoyi, masu yin man kuma suka rage shi ƙwarai.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, mu da muka san wannan, nauyi ya hau kanmu. Jarkar da ta taɓa ɗaukar man inji, kowane iri ne, ba ta dace da man gyaɗa ko ruwan sha ba, ko an wanke ta. Idan mun je hutu, mu faɗa wa iyayenmu da ƙannenmu. Rigakafi ya fi magani.