Kulle da Ciyarwa

A matsayina na mai nazarin harshe, na daɗe ina lura da yadda Bahaushe kan ɗauko tsohuwar kalma ya ɗora mata sabon kaya. Haka ta faru a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta shigo ƙasar nan aka hana fita, sai kafofin yaɗa labarai suka raɗa wa matakin suna "dokar kulle". Kafin wannan lokaci, idan aka ce kulle, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne zaman matar aure a gidan mijinta. To amma kullen aure yana da sharaɗin da kowa ya sani, wato wanda ya kulle shi ke ɗauke da nauyin ci da sha da sutura. A ganina, an aro kalmar ne aka baro sharaɗinta a baya.

A Kano, inda nake zaune, an tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar ranar 11 ga Afrilu, 2020. Ranar 16 ga watan gwamnatin jiha ta rufe gari na mako ɗaya, sannan ranar 27 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara mako biyu. Haka aka yi ta ƙari, ana ɗan sassautawa a wasu ranaku domin a yi cefane, ba a ɗage dokar ba sai a farkon Yuli. Azumi da ƙaramar salla duk a cikin kulle suka same mu.

Ni dai ban ji jiki sosai ba, domin ina zaune a gida albashina na shigowa. Maƙwabcina tela ne, shi kuwa watan azumi shi ne kakarsa, da ɗinkin salla yake biyan kuɗin haya da na makarantar yara. A wannan shekara Kantin Kwari na rufe, babu mai sayen yadi balle ya kai ɗinki. Da farko ya cinye ɗan abin da ya ajiye, daga nan ya taɓa jari, a ƙarshe ya sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa biyu, ya sallami yaron shagonsa. A nan na fahimci bambancin gajeren kulle da dogo. Gajere riba yake ci, dogo kuwa uwar kuɗi yake cinyewa, ta yadda ko an buɗe gari mutum ba shi da abin da zai koma kasuwa da shi. Haka abin ya shafi mai shayi da ɗan dako da direban a-daidaita-sahu, masu rayuwar hannu baka hannu ƙwarya. Hatta matan da suka saba da kulle ba su tsira ba, domin yaran da ke kai musu tallar ƙosai da alala ba su da damar fita.

Sana'armu ta koyarwa ma ta ɗanɗana. An rufe makarantu tun watan Maris, ba a koma sosai ba sai Oktoba. Wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta ya shafe waɗannan watanni babu ko sisi, saboda iyaye ba su biya kuɗin makaranta ba. Ya koma sayar da katin waya, kuma bai sake riƙe alli ba, alhali yana cikin haziƙan da na koyar.

Ita kanta gwamnati ba ta da ƙarfin ciyar da waɗanda ta kulle. A watan Afrilun ne farashin gangar ɗanyen mai ya faɗi ƙasa da dala 20 a kasuwar duniya, har aka sake lissafin kasafin kuɗi daga dala 57 zuwa 28. Tsakanin Afrilu da Yuni tattalin arzikin Nijeriya ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari, ƙasar ta sake faɗawa cikin koma-baya irin na 2016.

Ba ina cewa cutar ƙarya ba ce. A waɗannan makonni Kano ta binne dattawa da manyan malamai da dama, kuma rigakafi ya fi magani. Sai dai amfanin kulle shi ne a sami sararin shirya asibitoci da wuraren gwaji. Idan ya zarce haka ba tare da ciyarwa ba, talaka ya shiga halin gaba kura baya siyaki: ya fita ya gamu da cuta, ya zauna ya gamu da yunwa.

Ku da za ku zama malamai, yawancin yaran da za ku koyar 'ya'yan irin maƙwabcina ne. Duk ranar da aka sake kawo shawarar rufe gari ko makaranta, kuna cikin waɗanda jama'a za su saurara. Ku tambayi masu shawarar tsawon lokacin da za a ɗauka, ku kuma tambaye su wanda zai ɗauki nauyin tukunyar gidajen da za a kulle.