Taliya da Awara a Daren da Gwaggo Ta Zo

Wata ya kai ashirin da takwas, kuɗin aikin manhajar da muka miƙa wa wani kamfani tun makonni biyu bai shigo ba. Muna zaune mu biyu, mata da miji, muna leƙa waya ko saƙon banki zai faɗo, sai muka ji sallama. Gwaggo ce daga Zariya. Ta zo Kaduna ganin likita, kuma a wurinmu za ta kwana.

Bayan gaisuwa muka kai mata ruwa, muka shige kicin muna kallon juna. Babu ko tsoka ɗaya a firij. Abin da ke ciki rabin kabeji ne, da karas uku da suka fara yaushi, da tattasai biyu, da ragowar koren wake na shinkafar Juma'a. A kabad kuwa ledar taliya guda.

A gidajen da muka taso, ko kaza ɗaya ce ta rage, baƙo ake yanka wa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 nama ya koma ziyartarmu jefi-jefi, mun kuma saba. Amma yaya za mu ajiye wa matar da ta goyi ɗayanmu kwano babu nama? Mai naman unguwa yana binmu bashi, kunya ba za ta bar mu mu sake tunkararsa ba. Sai muka aika bakin layi wurin mai awara, aka sayo mana wadda ba a soya ba.

Muka ɗora ruwan taliya da gishiri. Kafin ya tafasa muka matse awarar a tsumma mai tsabta, don idan da ruwa a jikinta fashewa take yi a mai. Muka yanka ta ƙanana, muka soya har ta yi ja, muka tsame. A sauran man muka zuba albasa da tafarnuwa da attaruhu, sai karas saboda ya fi tauri, kabeji kuma a ƙarshe don kada ya narke. Taliya ta yi minti tara muka tace, muka rage kofi ɗaya na ruwanta, wanda shi ke sa miya ta kama jikinta.

Muka ɗanɗana. Komai ya ji, sai dai akwai abin da harshe ke nema bai samu ba.

"Me kuke ta ƙus-ƙus a kai?" Gwaggo ce tsaye a bakin ƙofa. Ta leƙa tukunya, ta koma ɗaki ta kwance ƙullin tsarabarta, ta dawo da daddawa. "Ku daka wannan ku zuba."

Muka zuba, ƙamshi ya cika gidan. Muna cikin ci muka fara ba ta haƙuri a kan rashin nama. Ta ajiye cokali, ta dubi ɗan nata.

"Kai, Allah ya shirye ka. Da me kake tsammani na biya maka kuɗin jarrabawa? Shekara nawa ina jiƙa waken suya, in kai niƙa, in tace, in zuba ruwan tsami tun kafin asuba? Yau kuma awara ce abin ba da haƙuri?"

Ba mu ce komai ba. Mun san labarin sarai, karatu da aikin kwamfuta ne suka sa muka tura shi wani lungu. Ita kuwa ta ƙara cokali biyu, ta ce laifinmu ɗaya, mun yi rowar yaji.

Kuɗin ya shigo bayan kwana uku, muka biya mai nama. Amma har yau, duk Alhamis, mukan kwashe abin da ya rage a firij mu aika bakin layi. Daddawar Gwaggo ta kusa ƙarewa, mun riga mun yi mata waya.