Turken da ya rage a gidanmu na Gare



A tsakar gidanmu da ke unguwar Gare, nan Parakou, akwai wani turke na itacen ƙirya wanda ya girme mu duka. Mun taso muna tuntuɓe da shi da dare, mata kuma suna ɗaura masa igiyar shanya da rana. Duk lokacin da wani ya kawo shawarar a tumɓuke shi don a faɗaɗa wuri, sai tsohuwarmu ta ce a bar mata kayanta. Turken goɗiyar kakanmu ne, ga shi an yi shekaru masu yawa ba a ji haniniya a gidan ba.

Abin da ya sa muka tuna da shi bana, wani ɗanmu ne ya hau dokin haya a bikin Gani na Djougou. Ya sha rawani, doki ya sha jalala da linzami mai kyau, aka ɗauki hotuna aka watsa a waya. Da aka nuna wa wani dattijo abokin kakanmu, sai ya daɗe yana kallon ƙafafun dokin, sannan ya ce: "Wannan ɗan wace goɗiya ne?" Yaro bai sani ba, mu ma ba mu sani ba. Da aka tambayi mai dokin, sai ya ce shi dai a kasuwa ya saya daga hannun dillali. Dattijo ya miƙo wayar ya ce Allah ya kyauta.

Kakanninmu fatake ne. Ayarinsu kan taso daga Kano ko Katsina, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Parakou, ya yada zango a Djougou, wadda tsofaffi ke kira Zugu, sannan ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja. Suna tafe da kanwa da baƙin rini da jan fata, su komo da goro. Jakuna ne ke ɗaukar kaya. Doki kuwa na madugu ne, ko kuma haja ce mai tsada da ake tanadar wa sarakuna da 'ya'yan sarakunan Bargu, waɗanda ake kira Wasangari, mutanen da darajarsu ke bisa sirdi. Kasuwar doki ba ta mutuwa a wancan zamani, saboda ƙudan tsando. Da zarar doki ya gangaro kudu inda kurmi da rafuka suka yawaita, sammore kan kama shi, ya rame, ya mutu. Don haka kullum ana bukatar sabo daga arewa, har masarautar Oyo ta Yarbawa ta arewa take samun dawakin yaƙinta. A irin wannan ƙasa, mutumin da ya iya riƙe goɗiya har ta haihu, ɗan ya rayu, ba ƙaramin gwani ba ne.

Kakanmu yana cikin irin waɗannan mutane. A zangon Djougou aka haife shi, ya dawo Parakou yana saurayi bayan da layin dogo daga Kwatano ya iso a 1936, lokacin da aiki da ciniki suka taru a bakin tasha. Ya zo da goɗiya guda, bikili ce mai farin goshi. A Parakou akwai ingarmu, amma shi idan lokacin baye ya yi, sai ya ja ta da ragama ya koma Djougou, tafiyar kilomita kusan 135, saboda can ne ingarman da ya san asalinsa yake. Yakan tafi da bazara, domin cikin goɗiya wata 11 ne, yana son duƙushi ya faɗo gab da sabuwar ciyawa, uwa ta sami abin da za ta yi nono da shi.

Yadda tsofaffi suka ba mu labari, baye ba a yin sa da gaggawa. Mai goɗiya kan sauka a gidan mai ingarma a matsayin baƙo. Za a fito da dokin a fili, a duba haƙoransa, a ɗaga kofato, a shafa ƙirji da gwiwa, a sa yaro ya zagaya da shi don a ga takunsa. Sannan a tambayi halinsa: yana cizo, yana harbi, yana firgita da ganga? Suna cewa launi ido yake burgewa, ko akawal ne ko kili ko hurde, amma hali shi ake gada. Bayan haka sai a faɗi uwarsa da ubansa da gidan da aka haife shi, a gaban shaidu biyu ko uku, a raba goro. Ladan mai ingarma ba a yanke shi kamar kuɗin kasuwa: wani ya ba da damin dawa, wani riga, wani kuɗi gwargwadon hali. In goɗiya ba ta ɗauka ba, a dawo da ita ba tare da an sake biya ba. Babu takarda ko ɗaya a cikin wannan sha'ani. Kan dattawa shi ne littafi, kunya kuma ita ce alƙali.

Nasaran da suka mulke mu su ma sun san wannan sana'a, har sun mai da ita aikin hukuma. Tun 1665, a zamanin Sarki Louis na 14, wazirinsa Colbert ya kafa tsarin bargar gwamnati a Faransa. Hukuma ke ajiye zaɓaɓɓun ingarmu, idan lokaci ya yi ta rarraba su ƙauyuka, manomi ya kawo goɗiyarsa ya biya kuɗi kaɗan, a ba shi takardar shaida mai ɗauke da sunan uban. Da irin wannan kulawa suka inganta manyan dawakin noma kamar Percheron, wanda nauyinsa kan kusanci kilo 1,000, yana jan garma da amalanke yini guda. Da suka mamaye ƙasashen wasu, sai suka tafi da tsarin. A Aljeriya sun kafa babbar barga a Tiaret a 1877. A Sanagal sun yi wata a Dahra, kuma a can doki ya shiga gona sosai: ƙasar gyaɗa rairayi ce mai sauƙi, tsando bai dame ta ba, har yau doki ke jan na'urar shuka da amalanke a ƙauyukansu.

A nan arewacin Dahomey abin bai bi wannan hanya ba. Ƙasarmu ta doya ce da dawa, ana tara tsibi da garmar hannu, ƙasa tana da nauyi, ga tsando a bakin kowane rafi. Ƙaton dokin Turai ba zai jure zafi da cutar nan ba, namu kuma an haife shi don gudu da ɗaukar mutum guda. Shi ya sa gonar kiwon da Faransawa suka kafa a Okpara, gabas da Parakou, ta mai da hankali ga shanu. Da noman auduga ya bunƙasa bayan 'yancin kai na 1960, bijimai aka ɗora wa karkiya. Haka ma 'yan'uwanmu na Kano da Zariya: garmar shanu Ingilishi suka kawo musu. Dokin Bahaushe da na Bargu bai ja garma ba.

Kakanmu yana alfahari da wannan. An ce wani ma'aikacin gona ya taɓa ba shi shawara ya haɗa wa goɗiyarsa amalanke, ta riƙa kwasar kaya daga tasha zuwa kasuwa, ta ci da kanta. Kakanmu ya yi masa godiya, washegari ya sayi jaki. Muna yara mukan yi dariya idan aka ba da wannan labari, muna ganin tsoho ya kare mutuncin dabbarsa. Da muka girma muka fara riƙe gida, sai muka gane cewa labarin yana da ɗaci a ƙarshensa.

Dabbar da ba ta da aiki, mai hali kaɗai ke iya riƙe ta. Aikin doki na farko yaƙi ne, shi kuwa ya ƙare tun da Faransa da Ingila suka raba ƙasar Bargu a tsakaninsu a 1898. Na biyu fatauci, jirgin ƙasa da manyan motoci suka karɓe shi. Na uku zirga-zirgar mai gari da malami da attajiri, keke da babur suka gaje ta. Abin da ya rage shi ne hawan sallah da Gani, kwanaki kaɗan a shekara. Sauran kwanakin kuwa doki yana nan a turke yana bukatar dawa da dusa da harawa da kanwa, da yaron da zai yanko ciyawa, da kuɗin likitan dabbobi. Mutanen Sanagal da muke ganin sun wulaƙanta doki da amalanke, su ne dawaki suka yawaita a hannunsu, domin dokinsu yana biyan kuɗin abincinsa.

Akwai kuma wani abu da ba mu cika lura da shi ba. A filin hawa ingarma ake so, mai wuya da haniniya, wanda zai tsaya da ƙafa biyu a gaban sarki. Ba mai neman goɗiya. Wanda ya sami kuɗi sai ya aika Malanville ko ƙetaren iyaka a sayo masa namiji, ya hau shi shekaru kaɗan, in ya mutu a sayo wani. Ta haka bargogi suka cika da maza, haihuwa ta ƙaura daga garuruwanmu. Inda babu goɗiya babu baye, inda babu baye kuwa ba wanda zai damu da sanin asali. Ilimin da kakanninmu suka tara na duba kofato, da gane goɗiyar da ta ɗauka, da renon duƙushi a daminarsa ta farko, yana bin masu shi kabari ɗaya bayan ɗaya.

Mu ma da hannunmu a ciki. Goɗiyar ƙarshe da aka ɗaure a turken nan jikar waccan bikili ce. Bayan rasuwar kakanmu, iyayenmu suka zauna suka yi lissafi, suka ga ba za su iya ba. Aka sayar da ita aka saya wa babban yayanmu babur ya shiga haya, da kuɗin hayar nan aka biya wa da yawa daga cikinmu makaranta. Ba mu zargin kowa, don mun ci amfanin abin. Sai dai ranar da aka ja ta aka fita da ita, ba wanda ya tambayi inda za a kai ta, ba kuma wanda ya rubuta sunayen iyayenta, alhali a lokacin akwai tsofaffi uku a unguwa da za su iya lissafo su.

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Muna iya ci gaba da hayar dawaki duk shekara, mu yi ado mu yi hoto, amma ranar da masu dawakin arewa suka daina kawowa, ko tsada ta fi ƙarfinmu, hawan zai tsaya. Mu 'yan zango marasa rinjaye ne a wannan ƙasa. Abin da ya sa Bargawa da Dandawa suka ba kakanninmu wurin zama, har da amfanin da suka gani a hannunsu, sanin doki kuwa yana ciki.

Shawararmu ga 'yan'uwa na Parakou da Djougou guda uku ce. Ta farko, duk wanda ke da tsoho a gida da ya taɓa riƙe doki, ya zauna da shi ya ɗauki muryarsa a waya tun yana da rai. Ta biyu, masu dawaki su buɗe littafi guda a kowane gari, a rubuta kowace haihuwa da sunan uwa da uba da shaidu. Wannan dabarar Nasara ce, kuma ba laifi a ɗauke ta. Ta uku, abin da gida ɗaya ya kasa, gidaje biyar za su iya: a haɗa hannu kamar adashi a riƙe goɗiya ɗaya ko biyu, a nemi likitan dabbobi ya riƙa duba su. In ma ta kama wani ɗan da aka haifa ya ja amalanke don ya ciyar da uwarsa, mu dai yanzu ba ma ganin abin kunya a ciki, ko da yake mun san kakanmu ba zai yarda ba.

Mun gaya wa tsohuwarmu wannan shawara. Ta saurara har muka gama, sannan ta ce mu fara sauke igiyar shanyar daga kan turken, in da gaske muke. Mun sauke. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.